Rasuwar Safayar Kofur, Wadda Ba Ta Taɓa Taka Titi Ba

Da zuciya mai cike taf da baƙin ciki, da idanun da har yanzu ba su gama bushewa ba, Kofur mai jigilar kaya da iyalansa suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, direbobin tasha, masu faci da masu walda, da duk wanda ya taɓa tsayawa ya yaba, rasuwar tayarsu ta ko-ta-kwana, wato safaya, wadda aka fi sani da 'Yar Hutu. Ta rasu ranar Talatar da ta wuce da yamma, a gefen hanya, a kan idon mai ita, bayan wata doguwar jinya da babu wanda ya san tana yi. Ta bar duniya da zanenta cif, ko tsakuwa ba ta taɓa maƙale mata ba.

Ga wanda bai san gidan ba, Kofur bai taɓa shiga soja ba, ko ƙamewa bai iya ba. Sunan ya samo asali ne daga ranar da shi da wansa, wanda kowa ke kira Yaya har da waɗanda suka girme shi, suka je gwanjon tsofaffin kayan sojoji suka dawo da 'yan tirela guda biyu, irin korayen nan masu ƙafa biyu da ake ɗaurawa a bayan mota a ja. Kowa ya ɗauki ɗaya ya ɗaura a bayan a-kori-kurarsa. Yaya ya shafe tasa da shuɗin fenti, ya manta da tarihinta. Kofur kuwa ya bar tasa da korenta na bariki, ya koma tafiya yana buɗe ƙirji, sai 'yan tasha suka ba shi muƙami kyauta.

A cikin wannan gwanjo aka haɗa musu da safaya ƙwaya ɗaya tak. Sabuwa dal, baƙa wuluk, da 'yan gashin robar nan da sabuwar taya ke zuwa da su. Kuma ba irin tayar da za ka shiga kasuwa ka ce a ba ka ba ce. Ramukan notin rim ɗinta, wato ƙarfen da ke tsakiyarta, na sojoji ne, ba ta shiga ƙafar kowace mota, ta kowace mota kuma ba ta shiga tirelolin. A faɗin garin nan ƙafa biyar ce irinta: biyu a tirelar Yaya, biyu a ta Kofur, sai marigayiya.

Yaya ya ce, "Ajiye mana ita a wurinka, ɗakinka ba ya yoyo. Duk wanda tasa ta fashe sai ya aiko a ɗauka."

Kofur ya ce, "An gama, Yaya."

Shaidu suna nan da ransu, sun ji wannan magana.

Marigayiya ta yi ƙuruciyarta a ƙarƙashin gadon Kofur, a kan kwali, an lulluɓe ta da tsohon zanin gado. Don a sama mata wuri aka kori akwatin matarsa zuwa bayan ƙofa. Matar, baiwar Allah mai haƙuri amma mai baki, ita ta raɗa mata suna. Ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, "Baban yara, kowa a gidan nan yana aiki, har kyanwa tana kama ɓera. Wannan 'yar hutun taka fa, yaushe za ta fara?" Kofur ya ce ai soja ba kullum yake yaƙi ba, kasancewarsa a shirye shi ne aikinsa. Ta ce to ta ji, amma sojan nan ya hana ta sharar ƙarƙashin gado, kuma ɗakinta ya koma warin shagon mai faci.

Wannan ƙorafi ne ya kai ga babbar rana a rayuwar marigayiya, ranar da aka ɗora ta a jikin tirela. Kofur ya kira amininsa Mai Walda, aka shafe safiya ana shawarar inda ya dace da darajarta. Aka gwada gaba, a kan ƙarfen da ke haɗa tirela da mota, sai aka ga in an sha kwana za ta daki bayan a-kori-kura. Mai Walda ya ce a rataye ta a ƙasa kamar yadda ake yi wa kowace safaya. Kofur ya dube shi kamar ya zagi mahaifinsa. A ƙasa? Inda laka take, inda karnuka ke ɗaga ƙafa? A baya kuma za ta hana buɗe ƙofar lodi. Sai ya rage gefe, kuma ko a gefen ma sai da aka yi muhawara, har Kofur ya yanke cewa ɓangaren da ke kallon titi za a sa ta, don jama'a su ma suna da haƙƙi.

Mai Walda ya yanko ganyen tsohon sifirin na mota, ya lanƙwasa, ya liƙa a jikin tirela, ya dasa kusoshi uku masu kauri. Su biyu suka cicciɓo ta, don tayar soja ba abin wasa ba ce. A ɗagawar farko ramuka ba su hau kan kusoshi ba. A ta biyu ta suɓuce ta sauka a kan babban yatsan Mai Walda, ya saki wata ƙara da ta tashi kajin maƙwabta. Kofur ya durƙusa da sauri yana salati, yana shafawa, yana duba ko an ji ciwo. Tayar yake dubawa. Mai Walda har yau bai manta ba, kuma iyalai suna amfani da wannan dama su sake ba shi haƙuri.

A ta uku ta zauna daram. Aka ɗaure notuna, Kofur ya ja da baya ya harɗe hannu, ya ga abin ya yi kyau ƙwarai. Kyan da ya yi ne ma ya tayar masa da hankali. In shi ya ga ta yi kyau, ɓarawo ma ai yana da ido. Aka sa sarƙa da kwaɗo, ya ce kwaɗo ai guduma ɗaya ce. Nan ya umarci Mai Walda ya ɗiga wuta a kan kowane noti, ya haɗe shi da kusarsa har abada.

Mai Walda ya ɗage baƙin gilashinsa ya ce, "Kofur, in na ɗiga, ɓarawo ba zai iya cire ta ba."

"Abin da nake so ke nan."

"Kai ma fa haka."

"Kai dai ɗiga."

Ya ɗiga. Da yamma Yaya ya zo wucewa ya ga tayarsu ta tarayya an naɗa ta a jikin tirelar ƙaninsa, an kulle, an liƙe. Ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ta yi kyau." Sannan ya wuce.

Daga nan marigayiya ta shiga shekarunta na ɗaukaka. Ta ga hanyoyi da yawa, duk daga sama. Ta raka buhuna da katako da kwanon rufi, ta raka kujerun masu tashi daga gidan haya, ba ta taɓa ɗaukar nauyin ko allura ba. Kullum da safe, kafin Kofur ya gaida kowa, sai ya dunƙule hannu ya buga mata, ta amsa masa "tim", amsa mai nauyi, mai cika ciki. In an faɗa rami, sarƙarta ta ce "kacau-kacau", shi kuma ya leƙa madubi ya tabbatar tana nan. Waɗannan su ne kawai kalamanta. Ba ta da surutu, ba ta da gulma, ba a taɓa jin ta da kowa ba.

Kada wani ya ɗauka tayoyin Kofur ba su taɓa yin faci ba a duk tsawon lokacin. Sun yi, sau ba adadi. Amma duk ranar da ɗaya ta sace, sai ya sa jak ya cire ta, ya gangara ta da ƙafa cikin rana tsaka har wurin mai faci, gumi na zuba, a liƙe ya gangaro da ita. In masu wucewa suka nuna masa safaya a jikin tirela, sai ya ce wannan ƙaramar matsala ce, ba a tayar da babban hafsa saboda ƙusa. A ƙarshen kowane mako kuma yakan wanke ta da sabulu, ya tsane ta, ya kawo baƙin man da aka juye daga inji ya shafe ta tas har ta riƙa ɗaukar ido. Matarsa ta taɓa ce masa, "Man nan naka fa, silifas ɗina da ya taka shi laushi ya yi ya tsinke." Ya ce silifas daban, kayan soja daban.

Sanarwa irin wannan ba wurin tonon silili ba ce, amma tarihin marigayiya ba zai cika ba in ba a ambaci ranar ƙanƙara ba. Wata rana cikin tsananin zafi Yaya ya ɗauko lodin ƙanƙara zai kai wa masu sayar da kifi, tayarsa ta yi bindiga a bayan gari, ta yage yadda faci ba zai yi ba. Ya kira ƙaninsa a waya ya ce a kawo safaya. Kofur ya tambayi wace hanya ce. Da ya ji ta bayan masu fasa dutse ce, sai ya fara kame-kame. Ya ce wannan hanyar ai duk tsini ne, ba da irinta ake buɗe wa sabuwar taya ido ba. Ya ce ga shi kuma an liƙe notunan, kafin a nemo Mai Walda an daɗe. Ya ce ko Yaya zai ɗan gwada cusa ciyawa. Yaya ya kashe wayar.

Waɗanda suka wuce ta wurin sun ce sun ga dattijo zaune a inuwar tirelarsa, ruwa na tsiyaya ta ƙasanta ya yi 'yar ƙorama, awaki sun taru suna sha. Kafin a samo masa tsohuwar roba a ɗora a kan rim ɗinsa, lodin ya koma buhunan banza da jiƙaƙƙen ƙaiƙayi. Masu kifi suka sauya direba. Tun daga ranar Yaya bai sake yi wa Kofur magana ba. Ba faɗa, ba zagi, shiru kawai, irin shirun da ya fi mari ciwo. A tasha kowannensu ya kama nasa ɓangaren. Matansu ne ke kai gaisuwa da kawowa, su ma rabi ƙirƙira suke yi. Abin yana cin Kofur, wallahi yana cinsa, don Yaya ne ya koya masa riƙe sitiyari. Sau da yawa ya kama hanyar gidan wan nasa, sai ya kai kwanar layin ya tuna ba shi da abin faɗa, ya juyo ya zo ya ƙara wa taya mai.

Ciwon ajali ya shigo a hankali. Da farko wasu 'yan layuka ne suka fito a gefenta, Kofur ya cike su da mai. Sai gefen ya fara laushi, in ka danna da yatsa ya lotsa. Sai wani ƙullutu ya taso kusa da rim, ya ce ƙwanji ne. "Tim" ɗin safe ya koma "tuf", ya ce girma ne, murya takan sauya. Rana ta gasa ta ta waje, mai ya ci ta ta ciki, ita kuwa saboda kunya da kawaici ba ta taɓa nunawa ba, kullum tana sheƙi.

Ranar Talatar, Kofur ya ɗauko siminti cike da tirela zai kai wani gini a wajen gari. Ya yi nisa, babu gida gaba babu gida baya, sai tayar tirela ta hagu ta yi bindiga ta yage biyu. Ya fito ya duba, ya ga wannan ta fi ƙarfin mai faci. Ya ɗaga kai ya ga gabas ta haɗe, hadari ya yi baƙi ƙirin, shi kuma ko tamfol bai ɗauko ba. Duk wanda ya san siminti ya san abin da ruwa ke yi masa. Amma gaskiya ita ce, abin da ya fara zuwa zuciyar Kofur murna ce. Ya juya ya dubi 'Yar Hutu, ƙirjinsa ya cika. Yau ce ranarta. Yau duk mai baki zai yi shiru.

Ya buɗe kwaɗo, ya zare sarƙa, ya kafa sifana a noti ya murɗa. Ko gezau. Ya hau kan sifanar da ƙafa biyu ya yi tsalle, sifana ta lanƙwashe. Sai a sannan maganar Mai Walda ta dawo masa daga nesa. Ya kira shi. Bawan Allah ya zo a kan babur da zarton ƙarfe da guduma, kuma don ya cika ɗan halak bai ce "ai na faɗa maka" ba sai sau uku. Suka yi ta gurza suna duban sama, iska ta fara kaɗawa da ƙamshin ruwa. Da ƙyar notunan suka saki. Suka sauko da ita a hannu, Kofur yana cewa a yi a hankali, kada ta gogi ƙasa. Suka zura ta a ƙafar tirela, ta shiga cif kamar don ranar aka yi ta. Kofur ya goge hannu, ya durƙusa, ya fara sauke jak da kansa.

Ta taɓa ƙasa. Nauyin siminti ya sauka a kanta, karo na farko a rayuwarta da aka ce ta ɗauki wani abu. Ta ce "ƙiii". Ƙullutun nan ya kumbura ya kai girman kan jariri. Sai ta ce "fam!", sannan ta ja wani dogon "fuuu" ta kwanta. Ko juyi ɗaya ba ta yi ba.

Mai Walda ya cire hularsa. Kofur ya zauna daɓas a ƙasa, baƙin mai ya fantsame masa fuska da riga. Ɗigon farko ya faɗo a kan buhun sama. A duk duniyar da ya sani, wuri ɗaya ne ake da ƙafar da za ta shiga tirelar nan. Ya ciro waya ya riƙe, ya mayar aljihu, ya sake cirowa. Kunya ta kama shi har wuya. Mai Walda ya ce, "In ba za ka kira ba, ba ni." Kofur ya ce a'a, bakin da ya ce a cusa ciyawa shi zai yi magana. Ya danna. Da aka ɗauka ya ce, "Yaya." Daga can aka ce, "Kana ina?"

Ba a daɗe ba sai ga a-kori-kurar Yaya a guje, babu tirela a bayanta. A cikin bodi akwai tamfol, da wata taya suɗaɗɗiya mai tabon faci ta ko'ina. Yaya ba shi da safaya, kowa ya san dalili. Ƙafar tirelarsa ya kwance, ya bar tirelar a ƙofar gida a kan bulo, da lodin gobe a cikinta. Bai yi sallama ba. Ya wurga wa Mai Walda bakin tamfol, suka rufe siminti ruwa na dukansu. Ya dubi ƙaninsa ya ce, "Ɗaga jak." Kofur ya ɗaga. "Riƙe nan." Ya riƙe. Aka zare marigayiya aka jingine ta a gefe, aka sa mai tabo, ta ɗauki lodin ba tare da ta ce uffan ba.

Da aka gama, Yaya ya je ya tsaya a kan gawar, ruwa na zuba a hularsa. Ya sa yatsa a yagewar, ya murza baƙin man. Ya ce, "Allah Ya ba ka haƙuri."

Kofur ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya ba mu dai, Yaya. Ai tamu ce."

Yaya ya ce, "Au, yanzu da ta mutu ta zama tamu?"

Mai Walda ne ya fara fashewa da dariya, sai Yaya, sai Kofur, wanda nasa rabi dariya ne rabi kuka, ruwan sama ya rufa masa asiri. Kafin ya shiga mota Yaya ya nuna tayarsa ya ce, "Wannan aro ce. Gobe da sassafe nake son abata, kuma kada ka shafa mata komai."

Marigayiya ta rasu ta bar mai ita, Kofur, wanda har yanzu in ya fito da safe yakan dunƙule hannu sannan ya tuna. Ta bar matarsa, wadda ta karɓi labarin da juriya mai ban mamaki, har an ji ta tana 'yar waƙa a kicin. Ta bar 'yar uwarta ta dama, mai fama da tsufa, da rim ɗinta da ya fita lafiya, da sarƙa da kwaɗo da suka rasa aikin yi, da kusoshi uku guntaye a jikin tirela. Ta bar Mai Walda da farcen da bai sake fitowa daidai ba. Ta bar galan ɗin baƙin mai rabi, wanda ake roƙon duk wanda ya ga Kofur ya nufe shi ya riƙe masa hannu.

Game da rim, iyalai sun amince a ɗora masa tsohuwar roba mai sauran kwana, a ajiye shi a shagon Mai Walda, a ƙasa, ba kwali ba lulluɓi, duk wanda tasa ta fashe ya aiko a ɗauka. Mai Walda ya yi rantsuwa a gaban shaidu cewa ko an ɗora masa wuƙa ba zai sake ɗiga wuta a kan noti ba.

Za a yi ban kwana da gawar ranar Asabar da hantsi, a rumfar mai yankan takalman taya da ke bayan tasha. Ya duba ta ya ce gefen ya riga ya ruɓe, amma zanen da ke taka ƙasa lafiyarsa lau, bai taɓa ganin irinsa ba, zai fitar da takalma ƙafa biyu masu ƙarko. Ɗaya na Yaya, ɗaya na Kofur. Kofur ya nemi a naɗe masa nasa a leda ya ajiye don tarihi. Yaya ya dube shi sau ɗaya, Kofur ya janye maganar.

Ana gayyatar duk masoya su hallara a kan lokaci. Ba a buƙatar kawo komai. Da zarar an gama yanka an sa maɗauri, 'yan uwan biyu za su saka a nan take, su taka da ƙafa ta tsakiyar tasha, su bi ta layin da ruwa ya kwanta, laka ko ba laka, har gidan Yaya, inda Kofur bai taka ba tun ranar ƙanƙara. Wannan ce tafiyar marigayiya ta farko, kuma an ce matar Yaya ta riga ta ɗora tukunya.